Giyar Keke Da Murza Feda: Darasi Ga Sabon Mahayi Kafin Gwiwa Ta Fara Ciwo

Darasinmu na yau ya ɗan fita daga allon waya da kwamfuta, amma bai fita daga fasaha ba, kuma za ka ga wayarka tana da aikin yi a ciki.

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur a Najeriya, kuɗin adaidaita sahu ya tashi, matasa da yawa suka koma hawa keke. Ni ma ina cikinsu. Na sayi keken gwanjo mai giya 21 don zuwa inda muke haɗuwa da abokai mu yi aikin rubuta manhaja, tafiyar kamar kilomita 7 daga gidanmu a nan Kano. Na iya keke tun ina yaro, amma irin Phoenix ɗin nan na iyayenmu mai giya ɗaya. Da na ga lambobi a hannun sabon keken, 1 zuwa 3 a hagu, 1 zuwa 7 a dama, sai na yi musu fahimtar ɗan waya: tunda 4G ya fi 3G, to lamba mafi girma ita ce mafi kyau. Na sa 3 a hagu, 7 a dama, na bar su a nan. Kafin sati uku gwiwata ta dama ta fara zafi ta gaba, hawa bene ma sai na dafa bango. Saura kaɗan in sayar da keken in ce jikina ne ba ya so. Ashe keken lafiyarsa ƙalau, jikina ma haka, ni ne ban san abin da giya take yi ba.

Abin da giya take yi

Ka duƙa ka dubi kekenka ta ɓangaren dama. A jikin feda akwai faranti uku masu haƙora, a tayar baya kuma akwai ƙananan faranti bakwai a jere, waɗanda masu gyara ke kira firiwil. Sarƙa tana kan ɗaya a gaba, ɗaya a baya. Canza giya ba komai ba ne illa ɗauke sarƙar daga wannan faranti zuwa wancan. Hannun hagu na gaba yake sarrafawa, hannun dama na baya.

A yawancin kekunan nan masu giyar Shimano 21, farantan gaba suna da haƙora 28, 38 da 48, na baya kuma 14, 16, 18, 20, 22, 24 da 28. Naka zai iya bambanta, don haka ka ƙirga. Wani lokaci ma an buga lambar a jikin farantin, sai dai datti ya rufe ta.

Lissafin mai sauƙi ne. Ka raba haƙoran gaba da haƙoran baya, abin da ya fito shi ne sau nawa tayar baya za ta juya idan ka juya feda sau ɗaya. Sarƙa a kan 48 a gaba da 14 a baya: 48 a raba da 14 ya ba da 3.43. Taya mai inci 26 tana cin ƙasa kusan mita 2.05 a juyi ɗaya, ke nan duk juyin feda ɗaya ya kai ka mita 7. Wannan ita ce 3 da 7 da na maƙale a kai. Idan kuma sarƙar tana kan 28 a gaba da 28 a baya, wato 1 da 1, juyin feda ɗaya mita 2 kacal zai ba ka, amma fedar za ta yi laushi kamar ba ka taka komai ba.

Ga inda na gane kuskurena. A giyar 3 da 7, idan kana juya feda sau 50 a minti, gudunka kusan kilomita 21 ne a awa. A giyar 2 da 5, wato haƙora 38 da 18, juyi ɗaya mita 4.33 ne, idan ka juya sau 80 a minti, gudunka shi ma kusan kilomita 21 ne a awa. Gudu ɗaya, lokacin isa ɗaya, aikin da aka yi ɗaya. Bambancin shi ne na farko ya raba aikin gida 50, na biyu ya raba shi gida 80. Don haka duk takun da na farko zai yi sai ya danna da ƙarfin da ya ninka na ɗan'uwansa sau 1.6, kuma gwiwa ce take ɗaukar wannan nauyin, safe da yamma, kullum. Kamar mutum biyu ne za su kwashe bulo 20, ɗaya yana ɗaukar bibbiyu, ɗaya yana ɗaukar huɗu-huɗu don a ce shi ƙaƙƙarfa ne. Gobe za ka san wanda bayansa zai ƙage.

Idan lambobin hannu suna rikita ka, ko sun goge kamar yadda suke a kekunan gwanjo da yawa, ka riƙe wannan: duk lokacin da sarƙa ta matso kusa da jikin keke, gaba ko baya, giya ta yi laushi. Idan ta yi waje, ta yi tauri.

Giya 21 ba 21 ba ce

Wannan lambar irin ta masu sayar da waya ce da za su ce maka kyamara huɗu, alhali biyu ne ke aiki sosai. An ninka 3 da 7 ne kawai. Amma ka duba: 48 a raba da 24 ya ba da 2, haka 28 a raba da 14 shi ma 2. Giya biyu ne a lamba, abu ɗaya ne a ƙafa. Kuma duka biyun ba su kai 38 da 18 ko 38 da 20 daɗi ba, saboda a cikinsu sarƙa tana karkacewa.

Karkacewar nan ita ce abin gudu. Idan ka sa babban faranti a gaba da babba a baya, 3 da 1, ko ƙarami a gaba da ƙarami a baya, 1 da 7, sarƙa za ta tafi a gicce maimakon a miƙe. Za ka ji tana gogar ƙarfen da ke tura ta a gaba, tana ƙara "karrr", haƙora suna cinyewa da wuri, wani lokaci ta zame ta faɗi. Da 1 na hagu ka tsaya tsakanin 1 zuwa 4 na dama. Da 3 na hagu, daga 4 zuwa 7. Na tsakiya yana tafiya da kusan kowanne.

Shawarata ga wanda yake gari shimfiɗaɗɗe irin Kano: ka sa hagu a 2, ka manta da shi na wata guda. A juyi 80 a minti, farantin tsakiya shi kaɗai yana ɗaukar ka daga kilomita 13 zuwa kusan 27 a awa, kuma duk zirga-zirgar cikin gari ba ta wuce nan. Ka koyi hannun dama tukuna. Wanda yake Jos ko Abuja inda hawa da gangara suka yi yawa, shi zai buƙaci ƙaramin farantin gaba tun ranar farko, kuma babu abin kunya a ciki. Don hawan aka ƙera shi.

Sau nawa ya kamata ka juya feda?

Masu horar da 'yan tseren keke sun fi ba da shawarar juyi 80 zuwa 90 a minti a hanya miƙaƙƙiya. Mu da muka taso da keke mai giya ɗaya mun saba da 50 zuwa 60, shi ya sa 80 take yi mana kamar wasan yara a farko, ka ga ƙafa tana ta wulwulawa, numfashi yana hawa. Dalilin shi ne ka ɗauke aikin daga kan tsokar cinya ka miƙa wa zuciya da huhu. Su kuwa suna farfaɗowa cikin 'yan mintuna idan ka sassauta, tsokar da ta gaji kuma sai ta kwana tana tsami. Kada ka yi tsalle zuwa 90. Ka nemi 70 a satin farko, ka riƙa ƙarawa a hankali.

Yadda za ka san naka, akwai hanya uku, daga ta kyauta zuwa ta kuɗi.

Ta farko, ka samu hanya marar cunkoso, ka ƙirga sau nawa gwiwarka ta dama take tasowa sama cikin daƙiƙa 15, ka ninka da 4. Idan ka samu 20, kana kan 80. Ka sa agogon wayarka ya yi ƙara bayan daƙiƙa 15, ka jefa ta aljihu, ba sai kana kallon allo ba.

Ta biyu ita na fi so, wataƙila don aikina ne. Manhajojin da ke amfani da GPS irin su Strava suna nuna maka gudunka, amma GPS bai san abin da ƙafarka take yi ba. Sai dai idan ka san gudu, ka san giyar da kake ciki, sauran lissafi ne. Ka buɗe Google Sheets a waya, ka sa gudu a A1, haƙoran gaba a B1, na baya a C1, kewayen taya da mita a D1, sannan a E1 ka rubuta =A1*1000/60/(B1/C1*D1). Idan ka yi tafiyar kilomita 18 a awa da 38 da 18, zai ba ka 69. Sharaɗi shi ne ka yi gwajin a giya ɗaya ba canji, kuma ba ka saki feda keke yana gangarawa da kansa ba. Kewayen tayar kuma kada ka yarda da lambata, ka auna taka: ka sa bakin da ake ba taya iska a ƙasa, ka yi alama, ka tura keke har ya sake dawowa ƙasa, ka auna tsakanin alamomin da tef ɗin tela.

Ta uku, akwai wata 'yar na'ura kamar murfin kwalba da ake ɗaurawa da roba a ƙarfen feda, tana ƙirga juyi tana aika wa waya ta Bluetooth, batirinta irin zagayayyen nan ne CR2032. Manhaja irin Wahoo tana haɗuwa da ita. Kafin ka saya ka tabbatar an rubuta Bluetooth a jikinta, domin wadda take da ANT+ kaɗai wayoyi da yawa ba sa ganinta. A gaskiya sabon mahayi bai buƙace ta ba. Kuɗin ka sayi fitilar baya da hular kwano ya fi.

Wasu suna sauke manhajar da mawaƙa ke amfani da ita wajen riƙe kiɗa, mai yin "tik, tik", su sa ta a 80 su bi da ƙafa. Tana aiki, amma a filin ƙwallo ko layin da babu motoci, kuma ta lasifikar waya. Kada ka toshe kunne a titi. A tsakanin 'yan adaidaita sahu kunnenka shi ne madubinka.

Lokacin canza giya

Irin wannan giyar ba ta canzawa sai sarƙa tana tafiya. Idan ka murɗa ko ka danna kana tsaye, babu abin da zai faru sai ka taka, a lokacin kuma za ka ji "ƙas-ƙas", sarƙa tana tsalle a ƙarƙashin nauyinka. Haka kuma ba ta son a canza ta kana danna feda da dukan ƙarfi. Abin da ake yi shi ne ka ci gaba da juya ƙafa, amma ka sassauta dannawar na juyi ɗaya, ka canza, ka ji ta zauna, sannan ka mayar da ƙarfi. Duk wanda ya taɓa tuƙa babur ya san yadda ake sakin totur kafin a saka giya. Kusan abu ɗaya ne.

Daga nan ne ƙa'idar da ta fi kowacce amfani ta fito: ka canza kafin ka buƙata. Idan ka hango gadar sama irin ta Ƙofar Nassarawa, kada ka jira sai ka kai tsakiyar hawan keke ya nemi tsayawa. A lokacin ba za ka iya sassauta ƙafa ba, idan ka sassauta za ka faɗi, idan ka canza da ƙarfi kana iya tsinka sarƙa ko lanƙwasa haƙori. Tun daga gindin gadar ka fara saukowa ɗaya bayan ɗaya, 5, 4, 3, duk lokacin da ka ji ƙafa ta fara nauyi. Idan hawan mai tsanani ne da zai buƙaci 1 na hagu, shi za ka fara canzawa tun kana ƙasa, domin na gaba ya fi na baya gardama idan akwai nauyi a kan sarƙa.

Haka a danja ko mahaɗar hanya. Kafin ka kama birki ka tsaya, ka sauko giya biyu ko uku kana juya feda a hankali. Da an ba da hannu za ka tashi tsaf. Wanda ya tsaya a 7 shi ne za ka gani yana miƙewa a kan feda, keke yana tangaɗi hagu da dama, mota na masa hon a baya. Wannan tangaɗin a tsakiyar ababen hawa ya fi ciwon gwiwa haɗari.

A cikin unguwa inda rairayi ya taru, ka sauko giya kafin ka shiga, ka ci gaba da juya feda ba tsayawa, kada ka ƙanƙame kan keken. Ranar da iskar hunturu take bugo ka ta gaba, ka ɗauke ta kamar hawa, ka sauko giya ɗaya ko biyu, ka haƙura da gudun.

Akwai banda guda ɗaya. Wasu kekunan gwanjo, musamman na Japan masu kwando a gaba, giyarsu uku ce a ɓoye cikin cibiyar tayar baya, kamar Shimano Nexus, ko Sturmey-Archer na tsofaffin kekunan Raleigh. Za ka gane su da cewa faranti ɗaya ne a baya. Waɗannan suna canzawa ko kana tsaye, kuma sun fi so ka dakatar da feda na ɗan lokaci idan za ka canza.

Sirdi da tafin ƙafa

Rabin ciwon gwiwata daga giya ne, rabin daga sirdi. Na sauke shi ƙasa don ƙafafuna biyu su taɓa ƙasa ina zaune, kamar yadda kusan duk sabon mahayi yake yi saboda tsoro. Sirdi a ƙasa yana sa gwiwa ta lanƙwashe sosai daidai lokacin da kake danna feda. Ka gwada tashi daga kujera 'yar tsugunno da ƙafa ɗaya, za ka gane.

Hanya mafi sauƙi ta gyarawa: ka jingina da bango, ka zauna a sirdi, ka ɗora dundunniya a kan feda, ka juya ta baya har ta kai can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka dawo da gaban ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe kaɗan, haka ake so. Mai son lamba kuma, akwai lissafin da aka sani da sunan Greg LeMond, Ba'amurken da ya ci gasar Tour de France a 1986, 1989 da 1990: ka tsaya ba takalmi a jikin bango, ka matse littafi a tsakanin cinyoyinka har sama, ka auna daga ƙasa zuwa saman littafin, ka ninka da 0.883. Idan ka samu santimita 80, to daga tsakiyar inda ƙarfen feda yake juyawa zuwa saman sirdi ya zama kusan santimita 70.6. Mafari ne kawai, daga nan ka riƙa motsa shi da rabin santimita har ka ji daidai. Sannan ka duba ƙarfen sirdin, akwai layin da aka zana a jikinsa wanda bai kamata ya fito waje ba. Idan sai ka wuce layin kafin tsayin ya ishe ka, keken ya yi maka kaɗan, ko kuma ka nemi ƙarfe mai tsawo wurin mai gyara.

A nan kyamarar waya ta fi madubi. Ka ba aboki ya ɗauke ka bidiyo ta gefe kana wucewa, sannan ta baya, da yanayin nan mai rage gudun hoto idan wayar tana da shi. Ta gefe ka tsayar da bidiyon lokacin da feda take ƙasa ka ga gwiwa. Ta baya ka duba ƙugu: idan yana rausaya hagu da dama, sirdi ya yi sama. Ka duba gwiwoyi kuma, su riƙa hawa da sauka a miƙe, ba suna buɗewa waje ba. Yawanci zafi a gaban gwiwa yana nuna sirdi ya yi ƙasa ko giya ta yi tauri, zafi a bayanta kuma sirdi ya yi sama. Idan ka gyara duka biyun, ka huta, ciwo bai tafi ba, ko gwiwa ta kumbura, wannan ya wuce darasin intanet, ka ga likita.

Za ka lura cewa da sirdi ya hau, yatsun ƙafa ne kawai ke taɓa ƙasa. Daidai ne. Idan za ka tsaya sai ka zamo gaba daga kan sirdi ka sa ƙafa ɗaya a ƙasa. Idan za ka tashi, ka ɗago feda ɗaya sama ta ɗan wuce tsakiya zuwa gaba, ka taka ta, nauyinka zai tura keken ya kuma ɗaga ka zuwa sirdi.

Wurin da ya kamata ya hau feda shi ne faffaɗan gaban ƙafa, tudun nan da ke bayan babban yatsa, ba tsakiyar ƙafa ko dundunniya ba. Ƙarfin gaske yana fitowa ne lokacin da feda take saukowa ta gaba. Da ta kai ƙasa, ka ɗan ja ta baya kamar mai goge taɓo daga takalmi a bakin dakali, ƙafar da take tasowa kuma ka sauƙaƙa mata nauyi don kada ɗaya ƙafar ta riƙa ɗaga ta. Idan kana juyi da sauri ka ji kana tsalle a kan sirdi, giyar ta yi laushi da yawa, ka ƙara ɗaya. A kwana mai kaifi ka daina juyawa, fedar ɓangaren da kake karyawa ta kasance a sama don kada ta daki ƙasa.

Silifas yana zamewa, musamman idan ƙafa ta yi gumi, kuma feda mai haƙoran ƙarfe ba ta da tausayi a ƙauri. Ka sa takalmi mai rufi. Ƙafar wandonka ta dama ka naɗe ta ko ka sa mata roba, idan doguwar riga ce ka tattare ta, domin babban farantin gaba na kekunan gwanjo da yawa ba shi da murfi.

Idan giyar ce da kanta ba ta ji

Wani lokaci ka yi komai daidai, amma ka danna sau ɗaya sarƙa ta ƙi hawa, ko ta riƙa tsalle tsakanin faranti biyu. Mafi yawa wayar giya ce ta saki ko ƙura ta cika ta. A inda wayar take shiga ƙarfen da ke tura sarƙa a baya akwai wani ɗan abin murɗawa da hannu. Idan sarƙa tana jinkirin hawa manyan faranti, ka warware shi rabin juyi, ka ɗaga tayar baya ka gwada, ka ƙara idan bai isa ba. Idan jinkirin wajen saukowa ƙananan ne, ka ɗaure shi rabin juyi. Ƙananan kusoshi biyu da aka rubuta wa H da L kuwa su ne iyakar da ke hana sarƙa faɗawa cikin taya, kada ka taɓa su sai ka ga yadda mai gyara yake yi.

Baƙin man inji da ake lafta wa sarƙa a bakin titi yana kama ƙura, ya zama kamar ƙullin yashi yana cin haƙora. Ka goge sarƙar da tsumma, ka ɗiga mai marar kauri, ko na keken ɗinki ne idan shi ka samu, ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau da yawa, sannan ka sake gogewa har wajenta ya kusa bushewa. A lokacin hunturu nakan yi haka duk ranar Asabar.